Iskar Tarka: ina wayoyin?

A 2022 gwamnati ta sa hannu da kamfanin Savannah Energy kan tashar iska mai ƙarfin megawat 250 a jihar Tawa, aka yi ta guɗa. Alhali a lokacin layin Tawa, Maraɗi da Damagaram bai haɗe da na Yamai ba. To, ran da hunturu ya kaɗa, ina za a kai rarar kuran? Ran da iska ta kwanta, wane inji zai karɓa, ko tela da mai niƙa su naɗe hannu? Kenya ta gama tashar Turkana a 2017, waya ba ta iso ba sai 2018. Talakawa suka biya kuɗin wutar da ba su sha ba. Mahukunta su fito da taswirar layukan Nigelec, su faɗi mai biya.