Ra'ayinmu: Wa Ke Amsa Addu'a?



Akwai wata koyarwa da ke shigowa ikkilisiyoyinmu a hankali, yawanci ta wayoyin matasanmu. Ana ce wa mutum ya nemi wuri shiru da sassafe, ya rufe ido, ya kafa hoton abin da yake so a zuciyarsa, ko aiki, ko mota, ko aure, ya riƙa faɗa wa kansa cewa ya riga ya samu. Wai tunanin ne zai jawo abin, kamar yadda maganaɗisu ke jawo ƙarfe. Muna roƙon fastoci da dattawa kada su mai da wannan wasan yara.

Koyarwar ta daɗe. A Amurka ta tsiro tun ƙarni na 19. A 1952 wani fasto a New York, Norman Vincent Peale, ya wallafa The Power of Positive Thinking, a 2006 kuma Rhonda Byrne 'yar Ostareliya ta fitar da The Secret, wanda ya bazu ko'ina cikin duniya. Abin da ke ruɗin mutanenmu shi ne masu koyarwar sun ari kalmominmu: roƙo, bangaskiya, karɓa. Har Markus 11:24 sukan jawo. Amma sun sauya wanda ake dogara gare shi. Cikin addu'a Uba ne ke ji, ya kuma amsa bisa ga nufinsa. A wurinsu kuwa zuciyar mutum ce ke ba da umarni. Bimbinin da Joshuwa 1:8 da Zabura ta 1 suka koya mana a kan Maganar Allah ne, ba a kan jerin bukatunmu ba.

Sau uku Manzo Bulus ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba (2 Korintiyawa 12:7-9). Wa zai ce masa bai tattara hankalinsa sosai ba? A Getsamani ma Ubangijinmu ya faɗi abin da yake so, sa'an nan ya miƙa wuya ga nufin Uba.

Ga inda abin ya fi yi mana ciwo, mu da muke tsiraru a garuruwanmu. In tunani ne ke jawo alheri, to, tunani ne ke jawo masifa. Ke nan gwauruwar da aka kashe mijinta a rikici ita ta jawo wa kanta. Ikkilisiyar da ta yi shekaru tana neman izinin gina majami'a ba ta samu ba, laifin zuciyarta ne. Haka ma yaron da ya gama jami'a aka ajiye takardunsa gefe don sunansa Bitrus ko Istifanus. Irin wannan hukunci abokan Ayuba suka yanke masa, Allah kuwa ya husata da su (Ayuba 42:7). Wanda ya yarda da shi zai daina zargin azzalumi, ya koma yana zargin kansa, wata rana kuma ya zargi Allah.

Ba muna yabon fid da zuciya ba ne. Mai bi ya kamata ya sa buri, ya kuma yi shiri. Nehemiya ya yi azumi da addu'a, amma ya nemi wasiƙu da katako daga wurin sarki, ya sa masu tsaro dare da rana, aka gama garun Urushalima cikin kwana 52.

Saboda haka muna kira ga majalisar dattawa ta kowace ikkilisiya ta zauna da zumuntar matasa cikin wannan wata. A tambaye su abin da suke saurara, ba da faɗa ba, domin yawancinsu rashin aikin yi ne ya kai su can. A buɗe Yakubu 4:13-15 tare da su. Dattijon da ke da shagon ɗinki, ko garejin gyaran babur, ko gona, ya ɗauki yaro ɗaya ya koya masa. Zumuntar mata kuma ta duba 'yan matan da kuɗin jarrabawa ya tsayar da su a gida.