Kiran Bishara Da Haƙƙin Maƙwabtaka A Ƙauyukan Kano

Sanin kowa ne cewa a cikin ƙauyukan arewacin Kano, inda gona ke haɗe da gona kuma gida ke kallon gida, akwai Hausawa Kirista, galibinsu zuriyar Maguzawa. A majami'unsu ana yawan yi wa al'umman duniya addu'a, har wasu samari su ce sun ji kira su fita aikin bishara. Abin tambaya shi ne, da wane ma'auni za a gane kiran gaskiya? Tarihin ƙasar nan ya isa ya ba da amsa.

A shekarar 1900 Bishop Tugwell na ƙungiyar CMS ya iso Kano da jama'arsa, cikinsu har da Dokta Walter Miller. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, ya umarce su da su bar garin. Sun zo da zafin niyya, amma ba su nemi yardar masu ƙasa ba tukuna. Miller ya koma Zariya, ya duƙufa kan koyon Hausa shekara da shekaru, har ya zama jigo wajen fassara Littafi Mai Tsarki wanda aka buga a 1932.

Haka kuma ƙungiyar SIM, wadda aka kafa a 1893, ba ta sami gindin zama sosai a lardin Kano ba sai da ta karɓi aikin jinyar kutare a shekarun 1930, kamar yadda aka gani a Yadakunya. A 1943 ta buɗe asibitin ido a Kano, wanda Musulmi da Kirista suka amfana da shi baki ɗaya. Mutanen karkara sun ga aikin hannu, shi ya sa suka saurari maganar baki.

Akasin haka ya faru a watan Oktoba na 1991, lokacin da shirin babban taron wa'azin Reinhard Bonnke, mutumin Jamus, ya jawo tarzoma a Kano, aka yi asarar rayuka da dukiya. Babu wani uzuri ga waɗanda suka zubar da jini. Amma wahalar ta faɗa kan talakawan da ke zaune tare, baƙo kuwa ya koma ƙasarsu.

Saboda haka ya kamata shugabannin ECWA da sauran majami'u su auna saurayin da ya ce an kira shi da abubuwa uku. Na farko, ya san harshe da al'adun mutanen da zai zauna cikinsu, ya girmama dagaci da limamin gari. Na biyu, yana da sana'ar da za ta amfane su, ko aikin jinya, ko koyarwa, ko dabarun noma. Na uku, yana da haƙurin da zai karɓi ƙin amincewa ba tare da zagi ba.

Tsarin mulkin Nijeriya ya ba kowa 'yancin bin addininsa da yaɗa shi, kuma wajibi ne hukuma ta kare wannan 'yanci ga Kirista da Musulmi daidai wa daida. Wanda ke roƙa wa ƙasashe masu nisa alheri, lalle ne ya fara da maƙwabcin da suke ɗiban ruwa a rijiya ɗaya. Allah ya zaunar da mu lafiya, amin.