Cin zali a makarantu: wa yaro zai kai wa kuka?

Kowace safiya iyaye na ba yaro dala ashirin ko talatin ya ci abinci lokacin hutu. Ba kowane yaro ke cin kuɗin nan ba. A koleji da lise, manyan ɗalibai kan tare ƙanana bayan aji su amshe, wanda ya ƙi ya sha kashi. Ƴan mata kuma ba'a da sunan tsiya ke damunsu, yanzu har ta WhatsApp.

Matsalar ba ta Nijar kaɗai ba ce. Rahoton hukumar UNESCO na 2019 ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya sha cin zali daga ƴan uwansa ɗalibai, a Afirka kudu da Sahara kuwa kashi 48 cikin ɗari.

Maganin da aka saba shi ne a kai ƙara wurin surbeyan, a yi horo, a kira uba, wani lokaci a kori mai laifi kwana biyu. To amma, jama'a, kowa ya san wanda ya kai ƙarar, kuma surbeyan ba ya raka yaro gida. Shi ya sa yaro ke haɗiye abin. Sai ya fara ciwon ciki kowace safiya, maki ya faɗi, uba ya ce boko bai karɓe shi ba, ya zaunar da shi shago. In yarinya ce, talla ko aure.

Nan ne amfanin mai ba da shawara yake: malami ko malama da aka horar, da ɗaki da lokaci, wanda zai saurari yaro ya riƙe sirrinsa. Zai kuma zauna da mai cin zalin, don sau da yawa shi ma duka yake sha a gida, ko da yunwa ya zo. Malamin da ke fama da aji cike maƙil ba zai iya wannan ba.

Za a ce babu kuɗi. Amma kwamitin CGDES, wanda aka sani da COGES a da, da ƙungiyar uwayen ɗalibai AME suna iya zaɓar mutum guda su ba shi aikin. Su kuma tuntuɓi mata masu sayar da ƙosai da fanke a ƙofar makaranta: su ne suka san yaron da ke biya da wanda ke ci.