Makarantun Tauhidin Kirista: A Gaya Wa Ɗalibi Matsayin Digirinsa Tun Kafin Ya Biya Kuɗi

Ba ƙaramar ɗawainiya ba ce iyalin Kirista da ke Talata Mafara, Bakura ko Maradun su tura ɗansu karatun fasto. Fitattun makarantun suna nesa da Zamfara: TCNN a Bukuru, wadda ta buɗe a 1959, da JETS ta cocin ECWA a Jos, wadda aka kafa a 1980. Ga kuɗin makaranta, ga hanya mai haɗari. Don haka iyaye suna da haƙƙin sanin darajar takardar da ɗansu zai dawo da ita.

Tantancewa iri biyu ce. Ta farko ta coci ce, irin wadda ACTEA ke yi, hukumar da gamayyar majami'un bishara na Afirka ta kafa a 1976. Tana duba malamai da laburare da manhaja, kuma hatiminta na taimaka wa mai neman ƙaro karatun tauhidi a waje. Ta biyu ta gwamnati ce. A Najeriya, hukumar NUC ce ke amincewa da digiri, shi ya sa TCNN da JETS suka haɗa gwiwa da Jami'ar Jos.

Amincewar coci ba ta maye gurbin ta gwamnati. Wanda NUC ba ta san digirinsa ba, ko sunansa ba ya cikin rajistar JAMB, ba zai je bautar ƙasa ba, kuma da wuya a ɗauke shi koyar da addinin Kirista a makarantar gwamnati. Ƙaramin coci kuwa ba kasafai yake iya ciyar da fasto da iyalinsa ba, sai ya haɗa da wani aikin.

Wasu shugabannin coci na ganin gwamnati ba ta da hurumi a horar da limamai. Gaskiya ne, ba ruwanta da aƙida. Amma muddin an kira takarda digiri, doka ta shigo, kuma haka abin yake ga makarantun Larabci da addinin Musulunci.

Ya kamata kowace makaranta ta rubuta a fom ɗin shiga wanda ya tantance ta, da kwas ɗin da aka amince da shi. Iyaye kuma su nemi shaida a rubuce kafin su sayar da amfanin gona.