Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba

Yau ba siyasa zan yi ba, maganar sito zan yi, kuma na san wani zai ji kamar da gidansu nake.

Makon jiya muka ɓalle kwaɗon wani ɗaki a gidanmu na gado da ke Kusugu. Ɗakin marigayi Baba ne, ya koma sito tun bayan rasuwarsa, shekara goma sha ɗaya ke nan. Wanda ya sauya katifa, tsohuwar can za a jefa. Rediyo ya mutu, can. Keken ɗinki ya tsaya, can. Da ɗakin ya cika sai aka garƙame, mabuɗin ya ɓata, ba wanda ya nema. Ƙanina ya ce ai macijin rijiyar unguwarmu ya fi mu sauƙin kai, shi ko ba komai yakan bar mutanen Daura su ɗebi ruwa ranar Juma'a, mu kuwa shekara da shekaru ko leƙe babu.

Ba don Allah muka buɗe ba, gaskiya. Ruwan Agusta ne ya tsaga bangon gabas, magini ya ce ba zai taɓa shi ba sai an kwashe kayan ciki.

Wallahi abin da muka gani ya isa wa'azi. Kwalla da langa da fanteka jere guda, wasu ko takardar jikinsu ba a ɓare ba, tsatsa ta huda gindinsu. Gadon ƙarfe mai rumfa. Zannuwa cikin akwati, kana ɗagawa suna marmashewa, asu da ɓera sun gama da su. A cikin wani gwangwanin madara muka tarar da 'yan Murtala a naɗe, masu tsohon launi, waɗanda suka daina aiki tun canjin kuɗin watan Afrilun 1984. Nan ma aka yi dariya, aka ce ɗan garinmu ne ya yi canjin amma labari bai iso gwangwanin Baba ba.

Dariyar ta tsaya da aka jawo adaka. A ciki littattafan kakanmu suke, rubutun hannu, wasu da Larabci wasu da ajami, cikin gafaka. Gara ta shiga ta ƙasa. Abin da ke sama ya tsira, na ƙasa ya zama ƙasa. A nan ne kuma muka ga takardar cinikin gonar da muka shekara shida muna jayayyar iyakarta da 'yan uwanmu, har an daina gaisawa da wasu. Rabinta ya tafi, har da inda sunayen shaidu suke. Hajiya ta zauna a bakin ƙofa ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce, "Da kun tambaye ni, ai na san tana nan."

Maganar nan ita ta hana ni barci. Ba mu tambaya ba. Me ya sa? Kunya da tsoron baki. A gidajenmu duk wanda ya fara cewa a buɗe ɗakin mamaci, nan da nan a ce idonsa na kan gado. Sai kowa ya yi shiru, ana ganin shirun nan ladabi ne. To ga inda ladabin ya kai mu. Mun ce ajiya maganin wata rana, amma ajiyar da ba a dubawa ba ajiya ba ce, kiwon gara ne.

A tsakar gida ra'ayi ya rabu biyu. Babban yayanmu ya ce a kira mai gwangwan ya auna komai a kilo a huta. Gwaggo ta ce, "Kul! Ba mai taɓa kayan ɗan'uwana, a gyara bango a mayar da su yadda suke." Ina girmama su duka, amma ban bi ko ɗaya ba. Mai gwangwan ba ruwansa da tarihi, tasar tagullar kakarka da murfin tukunya duk nauyi yake gani. Mayarwa kuma ai shi ne abin da muka yi shekara goma sha ɗaya. Sannan akwai abin da dukansu suka tsallake: kayan nan ba na yaya ba ne, ba na Gwaggo ba ne, haƙƙin magada ne, har da 'yan uwanmu mata da ke gidajen aurensu, har da marayun ɗan'uwanmu da ya rasu. Mukan raba gida da gona mu manta da na cikin ɗaki, kamar shari'a ba ta shafi akwati ba.

Ga yadda muka ƙare. Aka kira kowa, wanda ke nesa aka sa shi a waya. Muka shimfiɗa tabarmi, Hajiya ta zauna a kujera, ana ɗauko abu tana faɗin na wane ne da yadda aka same shi. Kashi huɗu muka yi. Na farko mai daraja, aka rubuta, malami zai raba. Na biyu mai amfani da magada suka yafe. Kun san yadda kayan ɗaki suka koma tun da aka cire tallafin mai a 2023, uba sai ya ci bashi kafin ya kai 'yarsa ɗaki. Kwanukan da suka tsira da gadon nan, wata marainiya a maƙwabta za a yi wa jere da su bayan sallah. Na uku takardu. Na huɗu shara ta gaskiya, ita ce kaɗai rabon mai gwangwan. Guntayen da ke da sunan Allah kuwa ba a zuba su a bola ba, liman muka kai wa.

Takardun nan su na fi so ku kula da su. Har rasiɗan harajin Baba muka samu, na kafin 1979, shekarar da Balarabe Musa ya soke haraji da jangali lokacin Daura tana cikin jihar Kaduna. Yaranmu ba su ma san an taɓa biyan kuɗin kai ba sai ranar. Irin waɗannan takardu ne manazarta ke tafiya Gidan Arewa a Kaduna suna nema, wanda aka kafa tun 1970 a gidan Sardauna. Mutanen Timbuktu a 2012 cikin akwatunan ƙarfe suka riƙa fitar da littattafan kakanninsu a ɓoye zuwa Bamako don kada a ƙone su. Mu ba wanda ya zo ƙone namu, da kanmu muka miƙa wa gara. Muna alfahari da Daurama da Bayajidda, baƙi na zuwa kallon rijiya, amma tarihin gidanmu yana ruɓewa taku kaɗan daga wurin.

Yanzu mun ɗauki hoton kowane shafi da waya, mun tura wa kowa. Na asalin suna cikin akwatin ƙarfe a kan benci, nesa da bango da ƙasa, kuma an sa wanda zai riƙa buɗewa yana shanya su duk bayan damina.

Shawarata, in tsohuwarka ko tsohonka na da rai, kada ka jira bango ya tsage. Ka je ka durƙusa ka ce, "Inna, a ba mu izini mu duba ɗakin nan, ke za ki faɗa mana mene ne mene ne." Su ne suka san labarin kowane kwano. Ranar da suka tafi, tarkace kawai za ka tarar. Wanda zai ce son gado kake, bar shi ya faɗa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

To ku fa, yaushe rabon da a buɗe na gidanku, kuma a hannun wa mabuɗin yake?

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin da suka bar mana.