Bakinka na bushewa kullum? Alewa ba magani ba ce

Bahaushe ya daɗe da haɗa magana da yawu. Ka yi ta bayani ba a saurare ka ba, sai a ce ka ɓata yawun bakinka. Kakakin gwamna kuma da yawun gwamna yake magana. To kai da kake kwana tura saƙon murya, ke da kike shafe awa biyu kina zuba a TikTok, yaushe rabonku da tuna wannan ruwa da harshenku ke iyo a ciki?

A rana guda baligi kan samar da yawu daga rabin lita zuwa lita 1 da rabi, kuma kusan kashi 99 cikin 100 ruwa ne zalla. Manyan maɓuɓɓugansa 6 ne: biyu a gaban kunnuwa, su ne ke kumbura idan yaro ya kamu da hangum, biyu a ƙarƙashin muƙamuƙi, biyu a ƙarƙashin harshe.

Ɗan ragowar da ba ruwa ba, shi ke babban aiki. Akwai abin da ke ba yawu santsi, ya dunƙule abinci ya zama lomar da za ta wuce maƙogwaro lafiya. Gwada afa garin kwaki ko ƙuli-ƙuli da busasshen baki ka sha mamaki. Akwai kuma sinadarin da ke fara narkar da abinci tun a baki, shi ya sa idan ka daɗe kana tauna gurasa sai ka ji ta soma zaƙi. Ko ɗanɗano ma, sai yawu ya jiƙa kilishi kafin harshe ya san da yaji a jikinsa.

Magana ma haka take. Harshe na kai da komo tsakanin haƙora, dasashi da ganɗa cikin sauri. Da zarar baki ya bushe sai ya riƙa mannewa, kalmomi su fito a cakuɗe, murya ta dushe. Duk wanda aka taɓa miƙa wa makirufo ba shiri ya san haka, domin tsoro kan tsayar da yawu nan take. Wannan mai wucewa ne.

Wanda ke damuna shi ne bushewar da ta zama ta kullum, ga samarinmu sun mayar da ita ba komai ba. A jefa alewa, a kora da lemon kwalba, shi ke nan. Alhali yawu ne ke wanke haƙora yana kashe kaifin tsamin da ke cin su. Ka rasa shi, sannan ka ƙara sukari a kai? Ai ka buɗe wa ruɓewar haƙori da warin baki ƙofa da hannunka.

Mu faɗa wa juna gaskiya: tramadol, wiwi da kodin duk suna busar da baki. Tun a 2018 gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma kowa ya san bai ɓace daga unguwanni ba. Hayaƙin shisha da sigari ma ba sa raga wa baki. Sai dai kada ka ga abokinka na lasar leɓe ka yanke masa hukunci. Maganin mura irin su Piriton na jawo haka, toshewar hanci da hunturu na sa a kwana ana numfashi ta baki, sannan ciwon sukari kan fara nuna kansa da ƙishirwa da yawan fitsari, ko da mutum bai kai 30 ba.

Riƙa kurɓar ruwa a kai a kai, ba sai ƙishi ya ci ka ba. Tauna kanta na tsinka yawu, don haka cingam marar sukari ko asuwaki sun fi alewa nesa ba kusa ba. Idan kuma an yi makonni bakin bai dawo daidai ba, har tuwo na tsaya maka a wuya, je asibiti a auna sukarinka, kuma ka gaya wa likita duk abin da kake sha, har wanda kake ɓoye wa mutanen gida.