Kafin ka yanke wa amfilifaya hukunci

Ranar da wufar mota ta yi shiru alhali rediyo na aiki, yawancinmu hukunci ɗaya muke yankewa: amfilifaya ta ƙone, a sayo sabuwa. A ganina wannan gaggawa asarar kuɗi ce, domin sau da yawa laifin yana ga wayoyin da ke ciyar da ita.

Abu uku amfilifaya ke bukata kafin ta kama: wutar batir ta bolt 12, wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, da wata siririya, galibi shuɗiya mai ratsin fari, wadda rediyo ke kunna ta da ita. Idan fitilarta ba ta kama ba, ka fara duba fis ɗin da ke kusa da batir, sannan ka auna sauran da mita. Tsatsa ko fenti a inda waya ta haɗu da ƙarfe sun isa su hana ta aiki.

Idan kuwa jar fitila ce ta kama, na'urar kare kanta take yi. Ka kashe ta, ka cire wayoyin wufa, ka sake kunnawa. In jar ta ɗauke, matsalar daga can take. Wufa biyu masu om 4, idan aka haɗa su kai da kai, om 2 suke komawa, nauyin da ba kowace amfilifaya ke ɗauka ba.

Abin da kada ka taɓa amincewa da shi shi ne mai gyara ya sa guntun waya a madadin fis. Fis mai yawan ƙonewa gargaɗi yake yi maka, kuma wanda ya toshe masa baki gobara ya gayyato cikin motarsa.